Garmaho a Gindin Bene

Masu tara tsofaffin rediyo da garmaho a jihar Ohio duk halinsu ɗaya: sun fi tausayin katako a kan ƙashin bayansu. Kowa ya san ana kwance injin kafin a ɗaga akwatin, amma Orval Stutzman ya ce garmahon da aka kwance ba ya komawa da muryarsa ta da. Taurin kai dai, tun yana saurayi.

Dalilinsa na son sauko da garmahon Lenora ce, matarsa. Mantuwa ta cinye ta, har ta kai tana kiransa bawan Allah a cikin gidansu. Sai in an sa wani tsohon faifai da suka yi rawa da shi a zamanin samartaka take gane shi. Ga shi ƙafafunta sun daina hawa bene, garmahon kuma yana sama.

Wata rana da yamma ya rungumo shi a ƙirji ya fara saukowa, yana kare fentin kada ya gogi bango. A matakin ƙarshe wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa. Bai saki ba. Sai da ya dire shi lafiya, ya wana shi, ya ɗora allura a kan faifan, sannan ya zube ƙasa.

Waƙar ta tashi da shashshekarta. Yana kwance yana kallon rufi, hasken rana na yawo a kai, zafin ya yi nisa kamar na wani ne. Ya ga zauren rawa na bakin tafki, fitilu a kan ruwa, yarinya mai koriyar riga tana taka masa ƙafa da gangan.

"Orval, kai da ƙasa kuma? Tashi mana, malalaci, waƙarmu ce."

Lenora ce tsaye a kansa, tana miƙo hannu. Daɗi ya kama shi har ya ji hawaye.

"Ina zuwa, 'yammata. Bari in huta kaɗan."

"Kullum haka kake cewa."

Wanin da ya yi wa garmahon ya fara ƙarewa. Muryar mawaƙin ta yi kauri, tana ja, tana nutsewa. Ya miƙa hannu, mariƙin da ake wanawa da shi ya fi ƙarfinsa. Faifan ya tsaya.

Ta daɗe tana dubansa. Can ta ɗauko bargo daga kujera ta lulluɓe shi, ta gyara masa gefe.

"Sannu, bawan Allah. Kwanta abinka, mijina na nan tafe. Ƙarfi gare shi, zai ɗaga ka."