Allon Baba Mai Fenti

"Danne shi da kyau, 'yata, hannuna rawa yake."

Mai ɗinki ta danne allon ƙarfen da gwiwa. Maƙwabcinta, Baba mai fenti, na jan burushi yana haki. Likita ya ce ya kwanta, amma ina, tsohon nan ba ya jin magana.

Tun da mota ta buge wata 'yar makaranta a bakin layinsu, inda ya haɗu da babban titi, yake zaryar ofisoshi. Ƙaramar hukuma ta ce titin na jiha ne. Jiha ta ce na tarayya ne. Tarayya ta ce ya rubuto takarda. Ya rubuta har uku, shiru kake ji. Ita kuwa mai ɗinki, kullum autarta za ta tsallaka sai gabanta ya faɗi.

Da ya gama rubuta A SASSAUTA, YARA NA TSALLAKAWA, maƙwabta suka haƙa rami suka kafa. Simintin bai bushe ba sai ga ma'aikacin hanya.

"Baba, ba a kafa allo a titin gwamnati sai da izini."

"Wace daga ciki, ɗana?"

"Ta tarayya."

"Madalla, yau dai titin ya yi mai shi. A ofishinku aka ce min iyakarku bakin kwata. Auna ka gani."

Mutumin ya ja tef. Ƙarfen na bayan kwata da taki guda.

"Wannan ai hurumin ƙaramar hukuma ne."

"Su kuma sun ce ba ruwansu. Ka ga ni da su babu rigima."

Ma'aikacin ya naɗe tef ɗinsa, ya daɗe yana kallon rubutun. "Hannunka da kyau, Baba," ya ce, ya tafi. Mai ɗinki ji ta yi kamar ubanta ne aka yaba, har kanta ya yi girma.

Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, Baba ya cika a ɗakinsa, jan fenti bai gama fita daga farcensa ba. Mai ɗinki ta yi kuka sosai, ba ta ɓoye ba.

Ranar Litinin ta raka auta bakin titi. Wata tifa ta taho a guje, direban ya ɗaga kai ya ga allon, ya taka birki, ya yi musu alama da hannu su tsallaka. Mai ɗinki ta saki hannun yarinyar. Auta ta tsallaka a hankali, jakarta na lilo a baya.