Shuɗin Gidan Tela

Tun da kwamitin kula da tsofaffin gidaje ya ce kowane gida a unguwar ya koma launinsa na asali, layin su Goggo ya zama ruwan ƙasa daga farko har ƙarshe. Masu zuwa ɗaukar hoto sai yabawa suke. Su ai ba su da miji irin Tela.

Tela ya tsufa, kansa ya fara zubar da abubuwa. Bai manta zare da allura ba, amma ƙofar gidansa ta ɓace masa. Kullum da hantsi sai ya fita miƙe ƙafa, kuma ba ya hanuwa. Ranar da aka tsince shi a falon maƙwabta yana faɗan wa ya canza masa kujeru, Goggo ta taya mutane dariya, sannan ta shiga ɗaki ta sha kuka. Babban ɗansu ya ce a riƙa kulle ƙofa. Ta ce muddin tana numfashi ba mai kulle mata miji kamar akuya.

Sai ta kira mai fenti.

"Rawaya nake so, mai kashe ido. Wadda zai hango tun daga kan kwana."

"Goggo, kwamiti fa?"

"Kwamitin ne ke aurensa ko ni?"

Gida ya fito kamar gwaiduwar ƙwai. Fentin bai gama bushewa ba Ciyaman, shugaban kwamitin, ya iso, yaron da Goggo ta sha goyawa, yanzu ya ajiye tumbi da tabarau. Ya gaishe ta har ƙasa, sannan ya zaro 'yar wuƙarsa. Haka aikinsu yake: a kankare bango hawa-hawa, launin da aka tarar a can ƙasa shi ne asali. Ya kankare gefen ƙofa. Rawaya ta tafi, ruwan ƙasar kwamiti ta tafi, ga fari, ga wani shuɗi, sai kuma ruwan ƙasa.

"Kin gani, Goggo? Ba ni na faɗa ba, bango ne."

"To bangon ya zo ya goge da kansa."

Suna cikin haka Tela ya ɓullo daga kan kwana yana dogara sanda. Goggo ta gyara tsayuwa, so take Ciyaman ya gani da idonsa. Tela ya zo daidai gidan, ko kallo bai ishe shi ba, ya wuce abinsa.

Ta bi shi da sauri ta riƙo hannunsa.

"Malam, ga gida nan."

Ya dube ta da ladabi irin na baƙo. "A'a, baiwar Allah, namu shuɗi ne. Ni na shafa shi da hannuna, amarya za a kawo mini."

Ta daɗe rabon da magana ta soke ta haka. Ashe ita ma ta yi wautar kwamiti, ta zaɓa masa launi ba ta tambaye shi ba. Ta jawo shi a hankali har bakin ƙofa, ta ɗora yatsa a kan ɗan shuɗin nan da wuƙa ta tono, ta juya wajen mai fenti.

"Wannan za ka haɗo mini."

"Goggo," in ji Ciyaman, "na ƙasa shi ne tarihi."

"Mai na ƙasan ya rasu tun ba a haife ni ba, ba ya neman hanyar gida. Nawa yana nema."

"Za a turo a goge fa."

"Ku goge, in sake. Na fi ku zama a layin nan."

Ta fizge wuƙar daga hannunsa. Kafin mai fenti ya je ya dawo, ta hau kankare bangon da kanta, rawaya da ruwan ƙasa da fari suna zuba a kan zanenta, shuɗin yana faɗaɗa. Tela ya matso, ya shafa wajen da tafin hannu.

"Yauwa," ya ce. "Bi a hankali, baiwar Allah, kar ki ɓata mata."