Takardar Gwiwar Inna Mahbuba

Karo na huɗu ke nan Kamil yana danna kwafi a kan takardar asibitin Inna Mahbuba, karo na huɗu kuma kwamfutar ta yi ƙara ta watso masa ɗan akwatin rubutu. Inna Mahbuba na tsaye a kansa da sandarta, abayarta sai warin man zafi. Ba ta iya karatu ba, amma ta san fuskar mutumin da aka hana abu.

"Me ta ce kuma?"

"Ta ce ba ni da izini, Inna."

"Izinin wa? Gwiwar tawa ce ko ta uban wani?"

Shekara goma sha ɗaya tana share wannan ofishi na hawa na tara a unguwar Ulaya ta birnin Riyad, tana dafa musu shayi. Watan jiya aka yi mata aiki a gwiwa, ta kwanta kwana ashirin a ɗakinta na unguwar Gubaira. Da kanta ta shigo tasi ta miƙa wa Sha'aban, tsohon akawun ofis, takardar asibitin, ya ɗauki hoton takardar ya sa a kwamfuta. Bayan mako guda ya ajiye aiki ya koma ƙasarsu, takardar ta ainihi kuwa ba wanda ya san inda ta faɗa. Sabon mudir, wato shugaban ofis, ya zo ya duba bai ga takarda ba, ya ce matar ta gudu daga aiki, kuma yau Alhamis kafin a tashi zai shigar da sunanta a wurin hukuma cikin masu gudu. In aka shigar, iƙamarta ta zama a ƙasar ta lalace, sai jirgin gida. Gudu wai, ga matar da ke cin minti goma daga lif zuwa kicin.

Abin takaicin, takardar tana nan. Kamil, sabon akawu, ya nuna mata da yatsa: ga ta a foldar da kowa a ofis ke zuba takardunsa, ga sunanta a jiki. Ba ta buɗuwa, ba ta kwafuwa. Ya gwada ja ta zuwa kwamfutarsa, ya gwada filashi, ya har karanta bisimilla a hankali don kada abokan aiki su ji.

Aka kira Talha, mai kula da kwamfutocin ofis, ɗan Hausawa haifaffen Riyad wanda Hausarsa ta fi gwiwarta ɗingishi. Ya zo da kofin gahawar kanti a hannu, abin da Inna ba ta taɓa yafe masa ba. Ya tambaya ko an kashe an kunna. An kashe an kunna. Ya zauna ya yi ta dannawa, sannan ya yi bayani rabi Larabci rabi Turanci, Kamil na juyawa. Sha'aban a foldarsa ta kansa ya fara ajiye takardar, wadda shi kaɗai ke buɗewa. Da zai sa ta a ta kowa, maimakon ya kwafa sai ya ja ta ya jefa, ta taho da kullenta na can. Haka ya yi wa takardu da yawa, ba wanda ya lura don ba wanda ya nema.

"Wato ya ajiye kayana a tsakar gida, ya sa kwaɗo, ya hau jirgi da makullin," in ji Inna.

Talha ya ce kusan haka ne, ya Hala, wato Inna da Larabci, sai dai ya fi haka muni: ranar da Sha'aban ya tafi an goge sunansa daga kwamfutocin. Takardar tana jiran izinin mutumin da babu shi. Ta tambayi wane mai hankalin ne ya goge. Talha ya kurɓi gahawarsa.

Magani dai akwai. Sai an zauna gaban babbar na'urar da ke ɗauke da takardun ofis duka, a ƙwace mallakar takardar daga sunan Sha'aban. A da Talha daga kujerarsa yake yi, amma sabon mudir ya hana, saboda tsaro. Ɗakin na'urar a kulle yake, makulli a wurin mudir. Talha ya je, ya dawo kafin Inna ta gama gyara tsayuwa. Mudir ya ce a rubuto buƙata, zai duba ranar Lahadi.

Ta juya maganar a ranta. Wanda zai kore ta yau shi ne zai ba da izini ranar Lahadi a nemo abin da zai hana shi korar ta. Kuma dukansu sun yi jami'a.

"Wane ɗaki ne?"

Kamil ya ce na kusa da banɗaki, mai sanyin nan.

Ta jingina sandarta da tebur, ta kwance bakin mayafinta, ta fito da makulli. Sha'aban ne ya ba ta shekara shida da suka wuce don ta riƙa goge ƙura duk Talata. Can ma take ajiye robar nononta, don ya fi firijin kicin sanyi. Talha ya dubi makullin kamar ta fito da kunama. Shi da kansa ya rubuta shafi uku kan wanda zai shiga ɗakin da wanda ba zai shiga ba. Ya fara cewa mamnu'i ne, doka ta hana.

"Ɗan nan, ni na san kakarka a unguwar Dira tana sayar da ƙosai. In aka sa ni a jirgi, ita zan fara aika wa saƙo. Wuce."

Ya wuce. Aikin bai kai minti uku ba, har da kawar da robar nono daga kan kujera. Da suka dawo Kamil ya danna kwafi, takardar ta bi shi salin-alin. Ta sa ya buga mata uku: ɗaya ta mudir, ɗaya ta jakarta, ɗaya don ba ta yarda da biyun farko ba.

Mudir ya karanta, ya duba hatimin asibiti, ya ce shi ke nan, rashin fahimta ne, ta koma bakin aikinta. Bai ce ta yi haƙuri ba, ta kuma lura. Sai ya tambayi yadda aka buɗe takardar. Da ya ji, ya miƙo hannu a ba shi makulli.

Inna tana jin Larabcin da ya ishe ta faɗa da mai tasi, amma da Hausa ta amsa, ta ce Kamil ya juya masa kada ya rage komai.

"Gaya masa Sha'aban ne ya ba ni, bai ce in ba wani ba. Ya rubuto buƙata. Zan duba ranar Lahadi."

Kamil ya tsaya yana neman kalmomin da ba za su ci aikinsa ba. Ita kuwa ta ɗaure makullin a bakin mayafi, ta ɗauki sandarta, ta kama hanyar kicin. Minti goma ne, kuma lokacin shayi ya yi.