Gidan da Hamza Ya Gina a Kango

Da takaba ta tsare Zubaidatu a ɗakinta a Samaru, sai ta kunna na'urar wasan marigayi mijinta Hamza, wadda ta sha yi masa gori a kanta. "Ƙato da kai, kana yawo a bola," haka take ce masa.

A cikin wasan duniya ta riga ta tashi. Garuruwa sun ƙone, motoci sun yi tsatsa, ba kowa sai karnuka da 'yan fashi, amma ba inda aka hana ta zuwa. Kullum bayan la'asar takan ja mutumin da Hamza ke wasa da shi ta yi ta tafiya, har ta faɗa wani gida da ya haɗa da tsohon kwano a bakin rafi. Ya ajiye kujeru biyu suna kallon ruwa, ya sa wa wurin suna Gidan Zubai. Bai taɓa nuna mata ba. Ita ma ba ta taɓa tsayawa ta kalla ba.

Da aka zo rabon gado, ƙanensa Usaid ya kai na'urar Sabon Gari a ƙiyasta kuɗinta. Don kunya ta bar shi ya tafi da ita. Wace mai takaba ce za ta roƙi abin wasa?

A rabonta kuwa na'urar ta faɗo. Usaid ya miƙo mata yana murmushi.

"Anti, har na sa Friday mai gyara ya goge tarkacen ciki. Ta koma sabuwa fil."

Da ta kunna, sai wasan ya tambaye ta sunan sabon mutum.