Mil Huɗu a Taswira

"Mamuda, don Allah kora shanun nan!"

"Malam, in na ƙara dukansu faɗuwa za su yi," in ji mai amalanken, bai ko waiwayo ba.

Malam Toma ya cije leɓe. Kan maƙwabcinsa Na'Allah na bisa cinyarsa, jini na tsattsafowa daga dasashin tsohon. Da hantsi kububuwa ta sare shi a gonar gero. Toma yana cikin aji ya ji ihu, ya fito a guje da rular katako a hannu. Da ita ya murɗe tsumman da aka ɗaure ƙafar. Yanzu ga rana ta yi tsaka, da ƙyar suka wuce rabin hanyar asibiti.

Shekara bakwai katanga ɗaya ta raba su, tun da aka turo Toma koyar da lissafi a Kwarin Maje. Tsohon nan ne ya rufa masa ɗaki, shi ya yanka rago da aka haifa masa Monika.

Abin da ke cin ran Toma, bara su biyu suka je wani ofis a Kazaure da takardar gari, suna roƙon ɗakin shan magani. Lokacin ana ta gine-gine ko'ina, har ƙauyukan da ba su kai nasu ba sun samu. Jami'in, wani Muhammadu Lawal mai farar shadda, ya baza taswira, ya aza rula.

"Mil huɗu tsakaninku da asibiti. Doka ta ce sai wanda ya wuce biyar."

"Ranka ya daɗe," in ji Na'Allah, "duwatsu ne fa a tsakani. Ko akuya ba ta bi. Zagayawa muke, mil goma sha shida."

"Nisa a miƙe ake auna shi, Baba. Tambayi malaminku."

To, me Toma zai ce? Shi da kansa yake zana wannan layin a allo. Ya yi ta bayani cewa tazarar wuri da wuri daban, hanyar da ƙafa ke takawa daban, amma ina! Mutumin har ya naɗe taswirarsa. Mutumin da bai taɓa taka garin ba, wallahi ko a mota.

"Malam," Na'Allah ya kira shi da ƙyar, "saura nawa?"

"Mun kusa, Baba."

"Na ofis kake faɗa mini, ko namu?"

Toma ya kasa ɗaga ido. "Namu saura bakwai."

"Yawwa. Ka bar yi mini ƙarya, ba ka iya ba." Ya numfasa. "Ka ce wa Uwa ta kwance jakin, tun safe yake rana."

Daga nan bai ƙara magana ba. Daidai inda dutsen ya rabu biyu, inda ake hango kwanon asibitin yana ƙyalli kamar ka miƙa hannu ka taɓa, Mamuda ya tsayar da shanu, ya dubi fuskar tsohon, ya yi salati.

Toma ya miƙe tsaye cikin amalanken. "Ga shi can! Ga mil huɗun naku can! Ku zo ku bi mana, marasa tsoron Allah!"

Ba kowa a wurin sai su. Mamuda ya juya kan shanun, suka sake bin mil taran da suka baro.

Kafin faɗuwar rana aka kai shi. Toma ya tsaya gefe har aka gama salla, sannan ya sa hannu aka tura ƙasa tare da shi. Ya isar wa Uwa, matar mamacin, saƙon jakin, ta ce ai tuni ta kwance.

Yana zaune a ƙofar gida liman ya zo wucewa, ya miƙa masa wani abu a ƙunshe cikin ganye.

"Masu wanka suka cire. Sun ce naka ne."

Rular ce. Toma ya ɗora ta a gwiwa. Jinin ya bushe a kanta, lambobin farko duk ba sa karantuwa.