Jan Layi a Silin

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da matar kafinta, lambobin agogo suka daina yi mata ma'ana. Ga kuma maganin tsakar rana da likita ya ja kunne a kai: in ta riƙa tsallake shi, ciwon zai dawo, kuma ba lallai ya bar ta ba. Shi dole ya fita aiki, yara duk sun watse.

To, kafinta ba ya rasa dabara. Ya samo ɓallin madubi kamar farcen babban yatsa, ya manna shi da gam a dakalin taga. Rana na dukansa, sai ga ɗigon haske a silin, daidai saman gadonta, yana rarrafe. Ya hau tsani da fensir a kunne, ya jira tsakar rana, ya yi alama. Bayan kwanaki ya ƙara wata, ya haɗa su da jan fenti.

"In hasken ya taɓa jan layin, ki sha. Kin ji, maman yara?"

Ta gyaɗa kai, har da ɗan murmushinta na gefe guda. Ranar bakinsa har kunne.

Wata da watanni abin na tafiya. Sai wani yammaci ya tarar da ƙwayar a faranti.

"Hasken bai zo ba," ta ce, harshe na harɗewa.

"Haba! Barci dai kika yi."

Washegari haka, wanshekare haka. Gajiya da tsoro suka sa ya balbale ta da faɗa: taurin kai ne, so take ta kashe shi da ransa, me ya rage bai yi mata ba? Ta bar shi ya gama, hawaye na gangarawa cikin kunnenta.

Ciwon kuwa ya dawo, wannan karon har da baki ya tafi.

Ya zo gida daga asibiti ɗaukar mata zani, ya zube a gurbinta a kan gado. Agogo na nuna tsakar rana. Ya ɗaga ido: silin fayau, ba ko ɗigo. Ya leƙa taga. Ashe da sauyin watanni rana ta ƙara hawa sama, bakin rufi ya tare ta, madubin na zaune cikin inuwa. Shi kuwa rabonsa da gida a irin wannan lokaci tun ranar da ya ja layin.

Ko zanin bai ɗauka ba. Ya isa asibiti yana haki, ya durƙusa gaban gadon.

"Gaskiyarki ce, bai zo ba. Ki yafe mini, don Allah."

Nas ta tsaya a kansa. "Baba, ka yi haƙuri," ta ce. "Ba ta gane kowa yanzu."