Motar da Aka Kawo Fenti

Hantsi ya ɗaga, Fenta na goge ƙofar wata tasi da samfefa, sai ga mijin ƙanwarsa, wanda kowa ke kira Gayu, ya shigo gareji da farar mota.

"Yaya, baƙi nake so a mayar da ita. Yau ɗin nan."

Fenta ya zagaya motar. Ko ƙwarzane babu a jikinta.

"Wannan fentin ai ko shekara bai yi ba. Me ya yi maka?"

"Fari ne ba na so, datti yake kamawa."

"Takardunta fa?"

"Suna gida. Haba Yaya, ni ma sai ka tambaye ni takarda?"

Fenta ya yi dariya, amma hankalinsa bai kwanta ba. Gayun da ya sani ba ya zuwa ko'ina kafin azahar, kuma bai taɓa ajiye mota can ƙurya, bayan tulin tayoyi ba. Ya ce masa ya zauna a benci. Ya buɗe bonet kamar mai duba tsatsa, ya kwafe lambar da aka buga a jikin ƙarfen.

Akwai wata manhaja a wayarsa: ka rubuta lambar mota, ta tambayo rumbun bayanai, ta dawo maka da labarinta. Ya rubuta, ya tura. Wayar ta yi ta juyi. Rufin kwanon garejin nan kullum sai ya tare sabis. Ya fita waje, ya hau kan wani tsohon injin, ya ɗaga wayar sama.

"Wa kake kira?" Gayu ya biyo shi.

"Sabis nake nema."

"Na mene ne?"

Kafin ya amsa, saƙo ya shigo. An yi rahoton satar motar kwana goma sha tara da suka wuce, ga kuma lambar mai ita a ƙasa. Fenta ya sake duba lambar harafi-harafi, ko ya yi kuskure. Bai yi ba. Ya sauko, ya zare mukullin ya jefa aljihu, sannan ya miƙa wa Gayu wayar.

Gayu ya karanta. "Wallahi saya na yi. Waɗannan injinan ƙarya suke yi."

"To kira wanda ya sayar maka."

Ya kira sau uku, a kashe.

Fenta ya kira lambar da ke cikin saƙon. Wata malamar makaranta ce ta ɗauka. Ya faɗa mata inda yake. Ta ce a bakin asibiti aka ɗauke motar, ranar da ta kai mahaifinta ganin likita.

Bayan azahar ta zo da 'yan sanda biyu. Gayu ya bi su ba gardama, ya kwana biyu a hannunsu. Aka sake shi da ya nuna saƙonnin cinikin, aka ci gaba da neman wancan mutumin.

Ƙanwar Fenta ta yi wata guda ba ta gaishe shi ba. Da ta sauko, ta zo gareji ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yaya, tsakaninka da Allah, kana ganin ya sani?"

Fenta ya daɗe yana juya gwangwanin fenti da sanda.

"Ban sani ba," ya ce. "Shigo daga rana, ki zauna."